Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsarin Dogon Zango na Ƙungiyar Likitocin Iyali ta Yankin Afirka

Duk lokacin da shugabancin wata ƙungiyar ƙwararru ya sauya hannu, ko aka zauna babban taronta, maganar tsarin dogon zango takan taso. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda likitoci, ɗaliban likitanci, jami'an ma'aikatun lafiya da 'yan jarida suka fi yawan yi game da irin wannan tsari, kuma an ɗauki reshen Afirka na ƙungiyar likitocin iyali ta duniya, wadda aka fi sani da WONCA, a matsayin misalin da za a yi bayani a kansa.

Wane ne likitan iyali, kuma me ya raba shi da sauran likitoci?

Likitan iyali likita ne da ya kammala karatun likitanci a jami'a, ya yi shekarar horon farko a asibiti, sannan ya ƙara wasu shekaru yana neman ƙwarewa a kan duba kowane irin majiyyaci, yaro da babba, mace da namiji, ba tare da ya keɓe kansa ga wata gaɓa ta jiki ko wata cuta guda ba. Aikinsa ya san mutum gaba ɗayansa, ya san gidan da ya fito da abin da aljihunsa zai iya ɗauka, kuma ya ci gaba da bibiyarsa shekara da shekaru.

Wanda ya taɓa zama da safe a sashen ganin likita na babban asibiti ya san irin majiyyatan da ake nufi. Dattijuwa ce za ta yanki kati saboda ciwon gwiwa, a auna ta a tarar jininta ya hau, sugan ma ya wuce ƙa'ida, ga jikanta a goye jikinsa ya yi zafi, kuma da aka tsananta tambaya sai ta ciro ƙullin ƙwayoyin kashe ciwo da take saye a kemis tun bara, waɗanda su kansu suna iya taɓa ƙoda su ƙara hawan jinin. Idan aka raba ta tsakanin ƙwararru, kati uku ko huɗu za ta yanka, ta bi layi uku ko huɗu a ranaku daban-daban, kuma da wuya ta dawo bayan na biyu. Likitan iyali an horar da shi ne ya zauna da duk waɗannan a zama ɗaya, ya yanke abin da zai iya yi da kansa, ya tura abin da ya fi ƙarfinsa ga wanda ya dace.

Wace ƙungiya ce WONCA, kuma ina matsayin Afirka a cikinta?

An kafa WONCA a shekarar 1972 a birnin Melbourne na Ostireliya. Mambobinta na asali ƙungiyoyi ne da kwalejojin likitocin iyali na ƙasashe, tare da sassan jami'o'i da ɗaiɗaikun likitoci da suka yi rajista kai tsaye. Tana da alaƙar aiki a hukumance da Hukumar Lafiya ta Duniya, sakatariyarta tana Brussels a Beljiyam, kuma ita ce ta ware ranar 19 ga Mayu ta kowace shekara a matsayin Ranar Likitan Iyali ta Duniya. An kasa ta yankuna bakwai: Afirka, Turai, Arewacin Amurka, yankin Latin Amurka, Gabashin Bahar Rum, Kudancin Asiya, da Asiya da Fasifik. Wasu ƙasashen arewacin Afirka, kamar Masar, suna cikin yankin Gabashin Bahar Rum ne, saboda haka reshen Afirka ya fi mayar da hankali ga ƙasashen kudu da Sahara.

Reshen ya gudanar da tarukansa a Rustenburg ta Afirka ta Kudu a 2009, da Accra a 2015, da Pretoria a 2017, da Kampala a 2019, da Abuja a 2022, da Nairobi a 2024. Daga Nijeriya, ƙungiyar likitocin iyali ta ƙasa, wato SOFPON, tana cikin mambobinsa, haka ma ƙungiyar likitoci masu zaman kansu, kuma 'yan Nijeriya sun sha riƙe shugabancin yankin.

Mene ne tsarin dogon zango, kuma me ya bambanta shi da jadawalin ayyukan shekara?

Jadawalin shekara yana faɗin abin da za a yi a wata kaza, da wanda zai yi, da nawa za a kashe. Tsarin dogon zango kuwa yana amsa tambayar da ta gabaci wannan: nan da shekara uku ko biyar, wane sauyi muke so a gani a ƙasa, kuma waɗanne 'yan abubuwa ne za mu zuba ƙarfinmu a kai domin a kai ga wannan sauyi? Tsari na gaskiya yana da sashen da mutane ba sa son rubutawa, wato jerin abubuwan da ƙungiya ta yanke cewa ba za ta yi ba a wannan zango, ko da kuwa suna da kyau.

Ƙungiyar da ba ta da asibiti ko ɗaya, ba ta biyan likita albashi, ba ta kuma yin doka, me tsarinta zai iya sauyawa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita a duk zaman tsarawa, domin mafi yawan tsare-tsaren da suka mutu a kan takarda sun mutu ne saboda an rubuta su kamar ƙungiyar ma'aikatar lafiya ce. Sai ka ga an rubuta burin rage mutuwar mata wajen haihuwa a faɗin nahiya, ko samar da likita a kowace gunduma, alhali ƙungiyar ba ta da ikon ɗaukar ma'aikaci ko ɗaya a kowace ƙasa. Irin wannan buri yana da daɗin ji a wurin taro, amma babu wanda za a iya tuhuma idan bai cika ba.

Abin da ƙungiyar yanki ta mallaka abu uku ne, kuma a ganin mai wannan rubutu sun isa a gina tsari a kansu. Na farko murya ce: idan ƙungiyar likitocin iyali ta wata ƙaramar ƙasa, mai mambobi 'yan ƙalilan, ta je gaban ministanta ita kaɗai, abu ne mai sauƙi a sallame ta da alkawari, amma idan ta je da takardar matsayar yanki da shaidar abin da maƙwabta suka yi, zancen yakan sauya. Na biyu ma'auni ne, domin ƙungiyar yanki tana iya tara malamai daga ƙasashe da yawa su amince da mafi ƙarancin abin da ya wajaba likitan iyali ya iya kafin a ba shi wannan suna. Na uku haɗa mutane ne. Ƙasar da ke son buɗe sashen likitancin iyali amma ba ta da malamai, tana buƙatar wanda zai haɗa ta da ƙasar da ta yi shekara arba'in tana wannan horo, kuma babu wata ma'aikatar gwamnati da ke da wannan a cikin aikinta.

Saboda haka kowane buri da aka kawo teburin tsarawa, ya kamata a tambayi mai kawo shi: da wanne daga cikin ukun nan za mu cim masa? Idan babu amsa, burin na gwamnati ne ko na ƙungiyar ƙasa, kuma a bar musu shi.

Daga ina ake fara aikin tsarawa?

Daga ƙidaya ake farawa. Kafin a rubuta buri ko ɗaya, sai an san a kowace ƙasa mamba likitocin iyali nawa ne suka kammala horo, nawa ne suke aiki a cikin ƙasar, a ina suke aiki, cibiyoyin horo nawa aka tantance, kuma ko hukumar rajistar likitoci ta ƙasar ta amince da fannin a matsayin ƙwarewa. Wannan aiki ba shi da armashi, kuma yakan ci watanni, domin ƙungiyoyin ƙasa da yawa masu aikin sa-kai ne ke tafiyar da su bayan sun tashi daga asibiti. Amma tsarin da aka rubuta ba tare da waɗannan alƙaluma ba, ba za a iya auna shi daga baya ba.

Bayan ƙidaya sai tuntuɓa. Akan aika wa ƙungiyoyin ƙasa tambayoyi, a zauna da shugabannin sassan jami'o'i, da likitocin da ke cikin horo, sannan majalisar yanki, wato zauren wakilan ƙungiyoyi mambobi, ta zauna ta duba ƙarfin ƙungiyar da rauninta, da damarmakin da ke gabanta da barazanar da ke kewaye da ita. A nan akwai wani tarko: waɗanda suka fi saurin amsa tambayoyi su ne malaman jami'a da ke manyan birane, masu ofis da intanet mai ƙarfi. Likitan da ke shi kaɗai a babban asibitin wata ƙaramar hukuma, wanda tsarin ya fi shafa, sau da yawa ba ya ganin saƙon ma. Dole a neme shi da gangan, ko ta waya, ko ta hannun reshen jiharsa.

Me zai hana a ɗauko tsarin reshen Turai a gyara shi kaɗan?

Aikin ne ba iri ɗaya ba. A Ingila ko Holan, kusan kowane mutum yana da rajista da wani likitan unguwa, kuma ta hannunsa yake bi kafin ya ga ƙwararre. A yawancin ƙasashen Afirka kuwa, wanda majiyyaci ke fara gani a cibiyar lafiya ta matakin farko ma'aikacin jinya ne, ko ungozoma, ko jami'in lafiyar al'umma, domin likitocin ba su kai a raba wa kowace cibiya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya nuna cewa yankin Afirka yana ɗauke da kusan kashi 24 cikin 100 na nauyin cututtukan duniya, amma ma'aikatan lafiyarsa kashi 3 ne kacal cikin 100.

Wannan ne ya sa a taron Rustenburg na 2009 mahalarta suka fitar da matsaya ta bai ɗaya kan abin da likitancin iyali yake nufi a Afirka. Matsayar ta ɗauki likitan iyali a matsayin jagora kuma mai ba da shawara a cikin tawagar lafiya ta matakin farko, wanda aikinsa ya haɗa da asibitin gunduma. A irin wannan asibiti ana sa ran zai iya yi wa mace tiyatar ciro jariri da tsakar dare, ya ba da maganin sa barci, ya ɗora karaya, ya farfaɗo da jaririn da ya fito ba ya numfashi, washegari kuma ya fita zagayen ƙananan cibiyoyi. Likitan unguwa a Landan ba a tambayarsa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ana iya koyon yadda reshen Turai ke tafiyar da kwamitoci da ajiye bayanai, amma ginshiƙin tsarin Afirka daga Rustenburg ya kamata ya taso.

Buri nawa ya kamata tsari ya ƙunsa?

Uku ko huɗu sun wadatar. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma ƙungiyar da ba ta da ma'aikatan dindindin masu yawa, wadda shugabanninta ke aikinta da dare da ranakun hutu, ba ta da ƙarfin bin buri goma sha biyu a lokaci guda. Dalilin da ke sa jerin ya yi tsawo sananne ne: kowane kwamiti yana son ya ga sunansa a takarda, kuma shugaba ba ya son ɓata wa kowa. Aikin majalisa ne ta jure wannan matsi.

Me ya sa horo yake zuwa a sahun gaba a kusan kowace tattaunawa?

Saboda ƙasashen yankin suna matakai mabambanta ƙwarai. Nijeriya tana cikin waɗanda suka fara, inda horon ya soma tun farkon shekarun 1980 a ƙarƙashin Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979 kuma take Ijanikin a Legas, kuma asibitocin mishan irin su Evangel na Jos da asibitin Baptist na Ogbomoso sun taka rawa sosai a farkon tafiyar. Kwalejin Likitoci ta Afirka ta Yamma ita ma tana da sashen likitancin iyali, kuma a yau ana wannan horo a asibitocin koyarwa da dama na arewa, ciki har da na Malam Aminu Kano. Jami'ar Makerere ta Yuganda ta fara a 1989, Jami'ar Moi ta Kenya a 2005, Afirka ta Kudu ta amince da fannin a matsayin cikakkiyar ƙwarewa a 2007, sannan Jami'ar Addis Ababa ta Habasha ta buɗe nata shirin a 2013. Akwai kuma ƙasashen da har yanzu ba su da shirin horo ko ɗaya.

Tsari mai hankali ba zai yi wa duk waɗannan magani iri ɗaya ba. Ƙasar da ba ta fara ba tana buƙatar malamai na aro da manhaja. Wadda ta fara kwanan nan tana buƙatar a horar da masu horarwa da masu jarrabawa. Wadda ta daɗe kuwa, kamar Nijeriya, matsalarta ita ce yawancin horon a cikin manyan asibitocin koyarwa ake yin sa, inda kowane fanni ke da ƙwararrunsa, don haka likitan da ke neman ƙwarewa ba ya samun isasshiyar damar yin tiyata da hannunsa kamar yadda zai samu a asibitin gunduma. Tantance ƙarin cibiyoyin horo a wajen manyan birane buri ne da ya cancanci shiga tsari, kuma ana iya ƙidaya shi.

A wannan fage reshen yanki ba shi kaɗai yake aiki ba. Akwai Primafamed, haɗakar sassan likitancin iyali na jami'o'in Afirka, wadda ta taso da tallafin Jami'ar Ghent ta Beljiyam, kuma akwai mujallar bincike ta nahiyar kan kiwon lafiya a matakin farko da likitancin iyali, wadda ta fara fitowa a 2009. Ya kamata tsari ya fayyace abin da za a bar wa Primafamed da abin da reshen zai riƙe, don kada a riƙa kiran mutane iri ɗaya zuwa taro biyu a kan magana ɗaya.

Idan an horar da likitoci suka fice ƙasashen waje, ina amfanin tsarin?

Tambayar tana da nauyi, kuma duk tsarin da ya kauce mata bai yi adalci ba. Likitan iyali da aka horar a Afirka ta Yamma yana da kasuwa a Ingila, da Kanada, da Saudiyya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya tsakanin ƙasashe a 2010, kuma a jerin da ta sabunta a 2023 na ƙasashe 55 da ke cikin matsanancin ƙarancin ma'aikata, akwai Nijeriya da Nijar da Ghana. Ƙa'idar ba ta tilasta wa kowa, kuma ba ta hana likita neman aiki da kansa.

Ƙungiyar yanki ba ta da ikon ƙara albashi, amma akwai wani ɓangare na matsalar da muryarta za ta iya taɓawa, wato rashin gurbin aiki. A wurare da yawa likita yakan gama shekarun ƙwarewarsa ya tarar tsarin aikin gwamnati bai tanadi muƙamin ƙwararren likitan iyali a asibitin gunduma ko babban asibitin jiha ba. Zaɓinsa ya zama ko ya jira gurbi a asibitin koyarwa, ko ya koma ƙauye a kan matakin albashin da ya bari kafin horo, ko ya tafi. An horar da shi domin gunduma, amma babu kujerarsa a gunduma. A ra'ayin mai wannan rubutu, idan da buri ɗaya kawai za a ba ƙungiyar dama ta zaɓa, wannan ne ya kamata ta ɗauka: a samar da guraben aiki masu matakin ƙwararre, da hanyar ƙarin girma, a asibitocin gunduma. Sauran abubuwa, har da yawan masu shiga horon, suna bin bayan wannan, domin ɗalibi yana duban inda na gaba da shi suka ƙare kafin ya zaɓi fanni.

Shin wannan ba yunƙuri ba ne na likitoci su ƙwace aikin ma'aikatan jinya da jami'an lafiyar al'umma?

Ana jin wannan zargi, kuma tarihin takun-saƙa tsakanin ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, musamman a Nijeriya, ya sa ba za a yi watsi da shi ba. Amma lissafi kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙwace aikin ba zai yiwu ba. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774 da dubban cibiyoyin lafiya na matakin farko, kuma tun 2014 gwamnatin tarayya take da manufar raba wasu ayyuka ga ma'aikatan da ba likitoci ba. Abin da likitan iyali zai ƙara shi ne ya zama wanda ungozoma za ta kira idan mai naƙuda ta fara jijjiga, wanda zai zo cibiyar lokaci-lokaci ya duba masu hawan jinin da maganinsu ya ƙi aiki, ya kuma zauna da ma'aikata a bi diddigin abin da ya jawo mutuwar wani majiyyaci domin a gyara. Zai kyautu a gayyaci wakilan ma'aikatan jinya da ungozomomi su karanta daftarin tsarin kafin a amince da shi, kuma a saurari abin da suka ce.

Yaya ake yi da bambancin harsuna, kuma ina ƙasashe irin su Nijar?

Wannan rauni ne da ya daɗe. Harkokin reshen sun fi gudana da Ingilishi, kuma ƙasashen da suka fi ƙarfi a cikinsa masu amfani da Ingilishi ne, alhali ƙasashe da yawa na yankin da Faransanci ko harshen Fotugal suke karatun likitanci. A taron da ake yi ta intanet abin yakan fito fili: wakili mai jin Faransanci zai shiga, ya gaisa, ya yi shiru har a tashi, sannan a rubuta cewa an amince baki ɗaya. Mali ta buɗe horon ƙwarewa a likitancin iyali da na al'umma a Bamako, wanda ke nuna cewa fannin yana iya kafuwa a tsarin Faransanci. Nijar tana da asibitocin gunduma da cibiyoyin lafiya da ke ƙarƙashinsu, wato irin tsarin da matsayar Rustenburg ta yi magana a kai, kuma majiyyatan Maraɗi da Katsina, ko na Damagaram da Daura, cututtukansu da harshensu ɗaya ne. Idan tsari ya ce yana son faɗaɗa mambobi, to a ga kuɗin fassara da na tafinta a cikin kasafinsa, kuma a ba wani mutum takamaimai alhakin ƙasashen Faransanci.

Daga ina kuɗin aiwatarwa zai fito?

Hanyoyin kaɗan ne: kuɗin shekara na mambobi, rarar da taron yanki ya bari idan an yi sa'a, da tallafin abokan hulɗa. Kowace tana da matsalarta. Kuɗin mambobi da na tafiye-tafiye da kuɗin waje ake lissafa su, kuma bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, abin da ƙungiya ko likita a Nijeriya zai biya domin halartar taro a wata ƙasa ya ninka. Tallafin masu ba da agaji kuwa yakan zo ne a ɗaure da cuta guda, kamar zazzaɓin cizon sauro, ko tarin fuka, ko cuta mai karya garkuwar jiki, kuma ƙungiyar da ba ta da tsayayyen tsari sai ta wayi gari tana aiwatar da burin wasu. Kamfanonin magunguna su ma suna ɗaukar nauyin taruka, saboda haka wajibi ne a rubuta ƙa'ida tun da wuri cewa mai tallafi ba shi da bakin magana a kan abin da za a koyar ko matsayar da za a fitar.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a rubuta kuɗin kowane buri a gefensa. Burin da ba a san kuɗinsa ba, ba a yanke shawarar yin sa ba tukuna.

Da wa ƙungiyar za ta yi magana idan tana neman sauyin manufa?

A matakin nahiya akwai ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Brazzaville, mai ƙasashe 47, da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka da ke Addis Ababa, da hukumar lafiya ta Afirka ta Yamma. Hujjojin da za a riƙe ma gwamnatoci ne da kansu suka sa musu hannu: sanarwar Alma-Ata ta 1978 da ta Astana ta 2018 kan kiwon lafiya a matakin farko, da alkawarin Abuja na 2001 na ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi ga lafiya, wanda ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cikawa, da muradin samar da kiwon lafiya ga kowa nan da 2030.

Sai dai hukuncin da ke shafar likita da majiyyaci a cikin ƙasa ake yanke shi, a Nijeriya ma sau da yawa a matakin jiha. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya na matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya. Yadda za a sa likitan iyali a cikin waɗannan tsare-tsare aikin ƙungiyar ƙasa ne da rassanta na jihohi. Reshen yanki ya ba su takardu, da alƙaluma, da misalai daga wasu ƙasashe, ya kuma tsaya a bayansu idan sun nema.

Wane matsayi matasan likitoci suke da shi?

Suna da ƙungiyarsu a cikin reshen, mai suna AfriWon Renaissance, wadda aka kafa a 2013 domin likitocin da ke cikin horo da waɗanda suka kammala kwanan nan. Su ne za su rayu da sakamakon tsarin, kuma su ne ke yanke shawarar zama ko tafiya, saboda haka wakilinsu ya kamata ya zauna a kwamitin rubuta daftari da cikakkiyar ƙuri'a.

Ta yaya za a gane tsarin yana aiki?

Da ma'aunin da aka amince da shi tun ranar farko. Akwai jarabar ƙidaya abin da ke da sauƙin ƙidayawa, kamar yawan tarukan intanet da aka yi ko yawan waɗanda suka halarta. Waɗannan suna nuna an yi motsi, amma ba sa nuna an isa ko'ina. Ma'aunai masu amfani su ne irin waɗannan: ƙasashe nawa ne suka amince da fannin a hukumance a cikin wannan zango, guraben ƙwararru nawa aka buɗe a asibitocin gunduma kuma nawa aka cike, cibiyoyin horo nawa aka tantance a wajen manyan birane, malamai nawa aka horar kuma suna nan suna koyarwa, ƙungiyoyin ƙasa nawa ne suka biya kuɗinsu suka kuma halarci zaman majalisa. Kowane ma'auni yana buƙatar adadin da aka fara da shi, da sunan wanda zai kawo rahoto, da ranar da zai kawo. Kuma rahoton ya isa hannun mambobi ko da sakamakon bai yi daɗi ba.

Me zai faru da tsarin idan shugabanci ya sauya, ko wata annoba ta ɓarke?

Wa'adin shugaban yanki shekara biyu ne, tsarin kuwa yakan kai uku zuwa biyar, don haka sau da yawa shugaba fiye da ɗaya ne zai riƙe shi. Hanyar kare shi ita ce majalisar yanki ta amince da shi a rubuce, a sa shugaba mai jiran gado a cikin rubuta shi tun daga farko, kuma takardun miƙa mulki su ƙunshi matsayin kowane buri. Ya kamata kuma a ajiye kundin bayanai a wuri ɗaya da ƙungiya ta mallaka, domin abu ne da aka saba gani a ƙungiyoyin sa-kai takardu su tafi da kwamfutar tsohon sakatare.

Dangane da annoba, Ebola a Afirka ta Yamma daga 2014 zuwa 2016 da korona a 2020 sun nuna cewa shekara guda tana iya rusa duk jadawalin da aka shirya. Abin da ya dace shi ne a sa ranar bitar tsari a tsakiyar zango, a kuma ba majalisar zartarwa ikon dakatar da wasu ayyuka na ɗan lokaci idan larura ta taso, da sharaɗin ta sanar da mambobi abin da aka dakatar, da dalili, da lokacin da za a koma kansa.